Sahabi da Wayar da Ya Sa wa Takunkumi

Abu ɗaya tak Shafa'atu ta taɓa roƙon ɗanta Sahabi, kuma a gabana ta roƙe shi. Ba kujerar Makka ta nema ba, ba ɗakin siminti ba. Cewa ta yi ranar da ta cika, shi take so ya sauka cikin kabari ya karɓe ta da hannunsa. Maza uku ta haifa kafin shi, ƙasa ta riga ta karɓe su duka: ƙyanda ta ɗauki biyu, hanyar Sakkwato ta ɗauki na ukun yana saurayi. Ta ce ta gaji da miƙa wa ƙasa 'ya'yanta, tana so ko sau ɗaya ɗanta ya miƙa ta.

Sahabi ya yi irin dariyar da maza ke yi idan magana ta fi ƙarfinsu, ya ce ta bar wannan zance, tana nan har ta aurar da jikoki. Ni kuwa na ce masa, "Amsa mata dai, angona. Ni in wanke, kai ka karɓa. Ka ga aiki ya rabu." Ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗauka, in Allah ya yarda.

Ni ce Kulu, mai wankan gawar mata a unguwar bayan kara, nan Illela. A lissafin dangi kakar Sahabi nake ta wajen uba, ko da yake ni da uwarsa kusan tare muka yi 'yanmatanci. Shi ya sa nake da ikon kiran sa ango, in kuma zage shi a gaban matarsa ba mai cewa don me. Matan garin nan da ladabi suke gaishe ni, don sun san komai daɗewa hannuna za su biyo. Maza ne suka tsira, shi ya sa suke min rashin kunya.

Tun yana goye Sahabi ba ya son hayaniya. In mata suka haɗa lugude a tsakar gida sai ya sandare a bayan uwarsa har a daina. A makarantar allo, inda kowane yaro ke ƙure murya don malam ya san yana karatu, shi can gefen katanga yake raɓewa, ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana motsa leɓe. Ya sha bulala a kan haka kafin malam ya gane ya fi masu ihun riƙe karatu. Ubansa ya rasu tun bai yi gemu ba, ya bar masa jaki ɗaya da uwa mai ciwon ƙafa. Sai Allah, da yake ba ya shawara da kowa, ya ɗora abincin wannan yaro a wurin da ya fi ko'ina surutu a Illela, wato tashar albasa.

Da ɗinkin bakin buhu ya fara, ya koma dako, ya koma yaron dillali, har ya zama dillali da kansa. Kafin ya cika arba'in yana cikin masu tsallakawa Kwanni, su wuce Galmi cikin Nijar, su sayi albasa tun tana gona, su loda ta zuwa kudu. A tasha an san shi da ƙarancin magana. In wasu dillalai suna rantsuwa da kabarin iyayensu a kan buhu ɗaya, shi sai ya murɗa albasa a hannu, ya shinshina, ya ce "to". Wannan "to" ɗin ta fi rantsuwar mutum goma.

Duk wannan tafiya akwai abin da bai taɓa fashi ba. Da an sallame asuba, kafin ya nufi tasha, sai ya biyo gidan uwarsa, ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, ya durƙusa ya gaishe ta. Ko da ya gina gidansa can wajen hanyar Kwanni ya auro Raliya, bai daina ba. Ya yi ya yi ta koma wurinsa ta ƙi. Ta ce ta saba da kukan shanun kara ranar Lahadi, in ba ta ji shi ba sai ta ɗauka ta mutu. Gaskiyar magana, tana son ta ga ya tako ne. Kuma da yake auta ne, ba kunyar ɗan fari tsakaninsu, tana iya kallon sa ta ƙoshi.

Sai babbar waya ta shigo.

Wanda bai zauna bakin iyaka ba bai san fitinar waya ba. A Illela waya ba ta san ƙasarta ba. Kana zaune a zaurenka sai ta tsallaka Nijar ba takarda, ta aiko maka da barka da zuwa da Faransanci. Ka zagaya bayan gida ta dawo Nijeriya, ta sake yi maka maraba kamar ka dawo daga Hajji. Sahabi layi biyu gare shi, na nan da na can, kowanne da bakinsa. Ga zauren dillalai inda ake ta jefo farashin buhu da na sefa, kuɗin Nijar, tun safe, ga direbobi, ga zauren dangi inda ba abin da ake yi sai tura addu'ar da wanda ya turo ma bai karanta ba, ga masu talla. Sama da duka kuwa akwai mutanen Araba, dangin ubansa, waɗanda ba su san waya da wani aiki ba sai filashin: su bari ta yi ƙara ɗaya su katse, don shi ya kira. Shugabansu Baffa Attahiru, ƙanen ubansa. Baffa zai yi maka filashin har batirinka ya mutu, ka kira shi hankali tashe, ya ce dama akuyarsa ce ta haihu, kuma damina ta kusa, ya batun taki?

Yaron da ke toshe kunne a makarantar allo sai ga shi yana yawo da kasuwa sukutum a aljihu. Ya rame. Yana cin tuwo yana zabura. Abin ya kai maƙura wata Juma'a, ana cikin sujada, wayarsa ta saki waƙa a sahun gaba. Liman bai kama suna ba bayan sallama, amma ya yi nasiha yana kallon ginshiƙin da Sahabi ke jingine.

Daga ranar ya zauna da wayar nan kamar ɗalibi da littafi. Ya samo wata manhaja da ake ba waya umarni da ita tun kafin abu ya faru: in kaza ya zo, ki yi kaza, kuma kar ki tambaye ni. Da ya yi min bayani na ce, "Wato ka samu matar da ba ta mayar da magana. Raliya ta ji labari?" Ya ce shi dai takunkumi ya sa mata, kamar yadda ake sa wa jaki in za a ratsa gonar mutane.

Kuma wallahi ya iya. Lokacin salla na yi wayar za ta yi gum da kanta. Yana tsallaka iyaka za ta juya layi ba tare da ta ce uffan ba. Farashin sefa tana tara masa shi a gefe, sai in ya ga dama ya leƙa. Direba ya turo ya iso, ita za ta amsa masa. Duk mako tana share tsoffin saƙonni don kar cikinta ya cika. Kira kuwa, kowane iri ne, sai ta tare shi a ƙofa kamar dogari, ta tura wa mai kiran rubutu: "Ina cikin aiki, zan neme ka in sha Allahu." Sai bayan isha'i take jero masa sunayen waɗanda suka neme shi, sau ɗaya, ba ƙara. Akwai wata 'yar kafa da masu wayar suka bari, wai in mutum ya jera kira a kai a kai, alamar gaggawa ce, sai a bar shi ya shiga. Sahabi ya toshe ta. Ya ce wanda ya yi wannan dabara bai san mutanen Araba ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba, abin ya karɓe shi. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta sake. Dillalai suka riƙa kawo masa wayoyinsu ya sa musu takunkumi su ma. Raliya ce kawai ke ƙorafi, don ita ma "ina cikin aiki" take samu kamar kowane direba. Ranar da naƙuda ta kama ta, sai maƙwabci aka tura da babur ya nemo shi a tasha. Na ce mata ta yi haƙuri, wasu mazan ko rubutun ba sa turowa.

Ƙofa ɗaya ya bari a buɗe, wannan kuwa sai daga baya muka sani. Lambar uwarsa. In ita ta kira, ko yana cikin masallaci wayar za ta yi kuka. Bai gaya wa kowa ba sai ita, ya kuma roƙe ta kar ta faɗa, don in Baffa Attahiru ya ji, to ya tare a ɗakinta ke nan har damina ta wuce. Shafa'atu ta riƙe masa amana. Wani lokaci takan ce min, "Ni dai in na kira shi yana ɗauka." Ni kuma in ce kowace uwa haka take faɗa. Kuma ba ta kiran. Ta ce mutum na neman abincinsa, mi za ta ce masa?

Shekarar da aka rufe iyaka al'amura suka canza. Hanyar da mutum ke bi ya je ya dawo kafin tuwo ya huce ta koma zagaye ta daji a kan babur, da tsoro da roƙo. Sahabi ya koma in ya tsallaka sai ya yi makonni can. Gaisuwar asuba ta koma ta waya. Da farko yana kira da bakinsa. Amma lodin albasa da sanyin safiya ake yin sa, wani lokaci kuma yana cikin gona inda sabis sai an hau tudu. Ya fara fashi. Ranar da duk bai kira ba, Shafa'atu ba ta karyawa. Kunu zai huce a gabanta har azahar. Da labari ya kai masa, sai ya yi abin da ya iya.

Wata dawowa da ya yi, ya zauna a tsakar gidansa da safe ya ɗauki muryarsa yana gaisuwa kala-kala. Akwai ta kullum, akwai ta Juma'a, akwai ta sanyi, akwai mai tambayar ya ruwa. Ya ba wayarsa umarni ta riƙa tura guda kowace safiya bayan asuba, tana sassauyawa. Ita kuma wayar uwar, da yake idonta ya yi rauni, ya gyara ta yadda in saƙonsa ya shigo zai buɗe kansa ya yi magana da ƙarfi, ba sai ta taɓa ba. Ya nuna mata wuri ɗaya babba da za ta danna ta mayar masa da amsa. Ya ce mata kira yana wahala can, saƙon murya ya fi sauƙi. Bai ce mata komai ba bayan wannan.

Iyaka ta zo ta buɗe, amma umarnin da ya ba waya bai janye ba. Ko yana gari, in lodi ya yi yawa, sai ya ce ai gaisuwa ta riga ta tafi, zai leƙa da yamma. Yamma kuma takan zama gobe.

Shafa'atu ta koma karyawa a kan lokaci. Kullum da safe muryar auta za ta tashi daga ƙarƙashin matashinta, ta saurara har ƙarshe, ta gyara ɗaurin kallabi kamar yana ganin ta, ta danna ta amsa masa. Tana ba shi labarin ƙafarta, da wanda ya haihu, da wanda na wanke. Wata safiya na yi sammako na tarar ana cikin gaisuwar. A bayan muryarsa sai na ji zakara ya yi cara, wata irin cara mai karyewa a tsakiya kamar an shaƙe shi. Na san wannan zakara. Ja ne, na gidan Sahabi, kuma an yanka shi tun jegon Raliya na biyu. Ni na ci wuya, Shafa'atu ta ci cinya.

Na dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Zakaran ga da munka ci, har yau bai daina cara ba."

Na ce yau sai na je tasha na tsinka shi gaban dillalai. Ta riƙe min zane. Ta ce in bar mata ɗanta. Ai ya zauna ya yi tunanin ta, har ya tuna da sanyi da ruwa, wasu ko wannan ba su samu ba. Ta ce in ya san ta gane kunya za ta hana shi zuwa gaba ɗaya, ita kuwa ba gaisuwa take tara masa ba, aiki ɗaya ne ta ajiye masa, kuma ya amsa.

Ranar da abin zai faru cikin bazara ne, ana tsakiyar kwasar albasa, irin zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Sahabi yana can Nijar. Na shiga wurinta da hantsi kamar yadda na saba. Gaisuwa ta riga ta zo, ta riga ta amsa, ta sha kununta. Muna ɓarar gyaɗa sai ta ce kanta na juyawa, bari ta ɗan kishingiɗa. Na ce, "Ke dai kar ki sa ni aiki cikin zafin ga." Ta yi dariya ta juya wa bango fuska tana fifita. Ina ta zuba ni kaɗai, ina ba ta labarin wata amarya, sai na ji maficin ya faɗi ƙasa. Na daɗe a sana'ar nan, ban buƙaci in taɓa ta ba. Amma na taɓa, na kira sunanta, na yi mata kalmar shahada a kunne ko da saura.

Kafin azahar gida ya cika. Raliya ta kira mijinta, aka ce mata yana cikin aiki, zai neme ta in sha Allahu. Baffa Attahiru ya iso daga Araba, ya kira, kira na gaske, karo na farko a rayuwarsa da ya bar waya ta yi ta ƙara da katinsa. Shi ma aka ce masa yana cikin aiki. Liman ya karɓi lambar ya gwada da tasa. Duk wanda ya kira, wayarsa sai ta yi ƙyas, ya duba, ya ga magana ɗaya. Maza na tsaye a zaure kowa riƙe da alkawarin Sahabi na cewa zai neme shi.

Raliya ta ce bari ta rubuta masa ƙarara cewa Umma ta rasu. Baffa ya hana. Ya ce ba a jefa wa mutum mutuwar uwarsa a rubuce yana bakin hanya, sai ya hau babur ido rufe a yi biyu. Haka muka gada, kuma ba wanda ya musa masa, har ni. Aka rubuta: "Ana neman ka gida yanzu." Aka tura mai babur Kwanni, ya dawo ya ce mutumin ya wuce gonakin bayan Galmi tun jiya, ba wanda ya san wace gona.

Ni kuma na shiga aikina. Ina kwance wa Shafa'atu zane na tarar da wayarta ƙulle a haɓarsa, inda take ɗaure goro. Na haɗa ta da carbi da zobe na sa cikin kwallarta ta kan kabad na rufe, don kayan mamaci ba a taɓa su sai ranar rabo. Sannan na yi wankan da ban taɓa yin mai jinkirinsa ba. Na ce ruwan bai isa ba a ƙaro. Na ce ganyen magaryar nan ya bushe da yawa a samo wani. Na ce likkafanin an yanka shi a karkace. Liman ya yarda a ɗaga daga azahar zuwa la'asar. Baffa ya zo bakin ƙofa ya yi gyaran murya ya ce, "Kulu, amarya kike shiryawa ne?"

Na ce, "Amarya ce mana. Mai karɓar ta muke jira."

Ya juya ya koma zaure, don shi ma ya san da alkawarin. Duk dangi sun sani.

Aka yi la'asar, ba Sahabi, ba labarinsa. Liman ya aiko a gaya min haƙƙin mamaci ne a gaggauta shi, kuma ana ganin yanayin gari. Ba sai ya faɗa ba. Abin da zafin bazara ke yi wa ɗan Adam, na fi liman sani, don shi daga nesa yake tsayawa. Na ɗaure ƙullin ƙarshe, na ce wa Shafa'atu ta yi haƙuri, na buɗe ƙofa na ce su shigo su ɗauka. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Da suka dawo na tambayi wanda ya sauka. Aka ce Jabir, ɗan Baffa Attahiru, wanda rabonsa da gaishe ta tun sallar bara.

Daga baya Sahabi ya faɗa min cewa bayan isha'i wayar ta jero masa sunaye kamar kullum. Ya ga Baffa ya cika fuskar wayar, ga Raliya, ga wata lamba da bai sani ba, ga "ana neman ka gida". Ya ce sai ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya yana neman na Umma. Babu. Ya ce wa kansa in da wani abu ne ya same ta, ai wayarsa da ta yi kuka. Damina ta kusa, Baffa na son taki, ya kuma ja Raliya ta taya shi, ita kuwa dama ko gishiri ne ya ƙare sai ta jera kira. Ya bari sai ya gama lodin safe.

Washegari da sassafe mata suka cika ɗakin Shafa'atu ana zaman makoki. Ba mai magana sai jan carbi. Kawai sai kwalla ta yi magana daga kan kabad. Kun san yadda murya ke kumbura cikin kwano rufaffe.

"Umma, ina kwana? An tashi lahiya? Ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. A sa mu cikin addu'a, Umma."

Sai zakara ya yi cara, carar nan mai karyewa.

Wata baƙuwa daga Garu ta zabura ta yi waje ba takalmi. Sauran suka daskare. Da a wata rana ce, da na yi dariya har na riƙe ciki. Raliya ce ta miƙe, ba ta nemi izinin kowa ba, ta buɗe kwallar ta ɗauko wayar. Ba wai ta san wani abu ba ne, haushi ne kawai, tana so ta zage shi ko da rubutu zai amsa mata. Ta danna sunansa. Ƙara ɗaya ta yi.

"Umma?" Da sauri ya ɗauka, don ya san ba ta kira.

Raliya ta cire wayar daga kunne. Ta miƙo min.

Na ce, "Ba ita ba ce, angona. Kulu ce."

Ina jin hayaniyar masu lodi a bayansa. Ya ce, "Mi kike yi da wayarta?"

"Na yi nawa aikin tun jiya."

Can ya ce, "Wa yak karɓe ta?"

Na ce Jabir.

Ya iso kafin azahar, ƙura har gira. Bai shigo gida ba, maƙabarta ya wuce. Waɗanda suka raka shi sun ce bai yi kuka ba. Ya durƙusa a gefen kabarin, ya tuɓe takalmi kamar yadda yake yi a ƙofar ɗakinta, ya dafa ƙasar da tafin hannu biyu ya daɗe. Da ya dawo zaure ya gaisa da kowa, ya yi wa Jabir godiya a gaban mutane. Baffa ya fara cewa ai sun kira, sun kira, Sahabi ya ce ya sani, ya gani.

Bayan addu'ar uku ya zauna zai saurari amsoshin da take mayar masa duk tsawon lokacin nan, waɗanda wayar ke tarawa a gefe ba ƙara, shi kuma yana cewa sai ya samu natsuwa. Ya tarar da na 'yan kwanakin ƙarshe kawai. Sauran duk ta share su, mako bayan mako, kamar yadda ya umarce ta. Ya kai wa masu gyara a nan, ya kai Sakkwato, aka ce abin da ya tafi ya tafi. Tata wayar ma haka ya gyara ta, don kar ta cika ta dame ta.

Ya cire takunkumin gaba ɗaya. Yanzu in kun shiga tashar albasa kuka ji aljihun wani na kuka ba ƙaƙƙautawa, shi ne. Barka da zuwa Nijar, barka da dawowa Nijeriya, farashin sefa, addu'ar dangi, duk yana zabura ya duba. Filashin ɗin Baffa ma yana mayarwa nan take. Ramar ta dawo, har ta fi ta da. Dillalan da ya gyara wa wayoyi suna nan da nasu takunkumin suna barci lafiya, don abin bai cuce su ba, kuma ban ce su cire ba.

Ni ya maida wurin gaisuwa. Kullum yana gari, da an sallame asuba sai in ji an tuɓe takalmi a ƙofata. Na ce masa ni ba uwarsa ba ce, matarsa ce, kuma miji ba ya durƙusa wa mata, amma bai daina ba. In ya gaishe ni sai ya ɗan zauna, ya tambaye ni mi takan ce a cikin waɗancan saƙonni. Ina ba shi abin da na tuna: ƙafa, zafi, wanda ya haihu, albarkar da take rufewa da ita. Wata safiya ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya tambaye ni ko ta taɓa ganewa.

Na ce, "Ta gane."

"Tun yaushe?"

"Tun da munka ci zakaran."

Ya kalli ƙasa. Wayar ta yi kuka a aljihunsa, ya ce in gafarce shi, ya ciro da sauri. Masu talla ne. Ya mayar, ya ce in Allah ya ƙaddara na riga shi, yana so in yarda shi ya sauka ya karɓe ni.

Na ce a'a, angona, kar ka sake ɗaukar wani. Duk wanda ke kusa ya isa.